Wa Aka Hana Shiga? Dokokin Tsarki na Attaura da Kiristan Yau

(Laccar da aka gabatar ga masu jin Hausa a unguwar New Bell, Duwala)

 

Tambayar da aka ɗora mini ita ce: dokokin Tsohon Alkawari da suka hana waɗansu mutane kusantar wurin sujada, suna kan Kirista har yau, ko sun sauka? Zan ba da amsata tun yanzu, don kada mai sauri ya tafi da rabin magana. Sun sauka. Sai dai faɗin haka kawai ba ya sa matar da ta saba tsayawa a waje ta shigo, don haka sai mu bi maganar a hankali.

Mu fara da sanin abin da aka rubuta, domin da yawa cikin masu kafa hujja da dokokin nan ba su taɓa karanta su har ƙarshe ba. A Littafin Firistoci sura 12, macen da ta haifi namiji za ta yi kwana 7 cikin ƙazanta, ta ƙara 33 kafin ta kusanci wuri mai tsarki, jimla kwana 40. In mace ta haifa, 14 da 66, jimla 80. Sura 15 ta ba mai haila kwana 7. Sura 13 ta fitar da kuturu bayan zango, ya zauna shi kaɗai. Sura 21 ta hana firist makaho ko gurgu ko mai karaya miƙa hadaya a bagade. Sai Maimaitawar Shari'a sura 23, wadda ta fi sauran kaifi: wanda aka dandaƙe ba zai shiga taron Ubangiji ba, haka shege har tsara ta goma, haka mutumin Ammon da na Mowab.

Waɗannan su ne ake yawan ji a bakin mutane. Akwai waɗanda ba a cika ji ba, kuma a surori ɗaya suke. Wannan sura ta 15 ɗin ta ce namijin da ya yi mafarki ya ƙazantu har faɗuwar rana, haka miji da mata in sun kwana tare. Littafin Ƙidaya sura 19 ya ce duk wanda ya taɓa gawa ya ƙazantu kwana 7, kuma ba zai tsarkaka ba sai an yayyafa masa ruwan da aka haɗa da tokar jar karsana. To, iyayena dattawa, cikinku wa ya taɓa zama a gida ranar Lahadi don ya ɗauki makara ranar Asabar? A garin nan kuwa Juma'a da Asabar su ne ranakun ɗauko gawa daga asibiti da jana'iza. Da ana bin dokar yadda take, da rabin mazan ikkilisiya ba su da wurin zama ran Lahadi. Mun riƙe abin da ya faɗa kan mace da majinyaci da jariri, mun saki wanda ya faɗa kanmu. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Wani abu kuma da ya kamata mu gane: a Attaura ƙazantar nan ba zunubi ba ce. Haihuwa albarka ce, binne uba wajibi ne, amma dukansu suna ƙazantarwa. Dokar tana tsaron wuri guda ne, Alfarwa a jeji, daga baya Haikalin Urushalima, inda ake yanka hadaya. Mai ƙazanta yana iya yin addu'a a ɗakinsa. Abin da aka hana shi shi ne ya kusanci bagade ko ya ci naman hadaya. Kuma fita daga ƙazanta irin ta haihuwa da ta kuturta tana bukatar firist daga zuriyar Haruna, da tattabaru ko rago, da bagaden da za a ƙona su. Sojojin Rum sun rushe Haikalin a shekara ta 70 bayan haihuwar Almasihu. Tun daga ranar babu bagade, yau kuma babu tokar karsana. Wanda ya ce wa maijego ta zauna kwana 40 bisa ga sura 12, sai ya gaya mata inda za ta kai hadayar da ƙarshen surar ya wajabta mata.

Bari in kawo maganar gida, domin mu mutanen New Bell ba ma bukatar a yi mana dogon bayani kan layin da ake ja da sunan tsabta. Unguwar nan da irin wannan layin aka haife ta. Tun wajen 1910 Jamusawa suka ƙudura kwashe Duwalawa daga bakin kogin Wuri, daga tudun Joss da Akwa da Deido, su mai da su baya cikin fadama. Hujjar da likitocinsu suka kafa ita ce zazzaɓin cizon sauro: wai zama kusa da baƙar fata na sa Bature ciwo. Aka tsara a bar fili mai faɗin kilomita 1 babu gida ko ɗaya tsakanin unguwar Turawa da sabon matsugunin, wanda suka raɗa wa suna Neu-Bell. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya tsaya kai da fata cewa yarjejeniyar 1884 ta bar wa mutanensa ƙasarsu. Ranar 8 ga Agusta 1914 aka rataye shi tare da magatakardansa Ngoso Din. Kafin Satumba ta ƙare Jamusawan kansu sun bar Duwala. Unguwar da aka ware don waɗanda ba a so a kusanta ita ce ta zama masaukin baƙi: Hausawa fatake da mahauta, Bamileke, Basa, Ewondo, da mu da muka biyo baya daga Jos da Mubi da Maraɗi da Garwa. Abin kunya ne jikokin waɗanda aka ajiye bayan layi su ja wani layin a ƙofar majami'a.

In kuwa muka nace sai mun koma Haikali, to mu duba inda za a tsayar da mu. A Haikalin zamanin Yesu akwai wata 'yar katanga da ta raba farfajiyar al'ummai da ta Yahudawa, an kafa mata alluna na dutse masu gargaɗin cewa baƙon da ya ƙetare ya jawo wa kansa mutuwa. A 1871 wani Bafaranshe mai tonon kayan tarihi, Clermont-Ganneau, ya gano ɗaya daga cikinsu, yana nan yanzu a gidan kayan tarihi na Istanbul. Saboda wannan katangar aka kusa kashe Bulus a Ayyukan Manzanni sura 21, da aka zarge shi da shigar da wani mutumin Afisa. Duk wanda ke zauren nan, fasto da ɗan mawaƙa, namiji da mace, a bayan katangar nan zai tsaya, domin ba mu da Bayahude ko ɗaya. Dattijon da ke hana mai haila cin jibi yana kafa hujja da tsarin da shi kansa ba zai bar shi ya wuce tsakar gida ba. Bulus ya rubuta wa mutanen Afisa ɗin nan cewa Almasihu ya rushe katangar.

Tun cikin Tsohon Alkawari ma ƙofar ta fara buɗewa. Rut mutuniyar Mowab ce, daga kabilar da Maimaitawar Shari'a sura 23 ta hana, amma ita ta haifi Obida, kakan Sarki Dawuda, kuma Matiyu ya sa sunanta a jerin kakannin Yesu. Yefta ɗan karuwa ne, 'yan'uwansa suka kore shi daga gado, ga shi cikin jaruman bangaskiya a Ibraniyawa sura 11. Ishaya sura 56 ta yi wa bābā da baƙo alkawarin wuri da suna a cikin gidan Allah. Su kansu malaman Yahudawa na dā sun ɗauki hanin sura 23 a kan zancen aure ne, wato wa zai auri wa, kuma sun keɓe kalmar shege ga ɗan da aka haifa ta zina da matar wani ko ta auren muharrama. Ba su faɗaɗa shi yadda mu muka faɗaɗa ba.

Sai Yesu. A Markus sura 1 kuturu ya zo gare shi, ya miƙa hannu ya taɓa shi, alhali da magana kaɗai zai iya warkar da shi. A sura 5 mace mai zubar jini shekara 12 ta kutsa cikin taro ta taɓa rigarsa. Ku duba halin matar nan da kyau. Bisa ga doka, shekara 12 ke nan duk gadon da ta kwanta da kujerar da ta zauna sun ƙazantu, kuɗinta sun ƙare a hannun masu magani, shi ya sa ta zo ta baya a ɓoye. Yesu ya tsayar da taro ya neme ta, ba don ya tsawata mata ba, ya kira ta 'yarsa a gaban kowa, har da shugaban majami'ar da ke jiransa. Daga nan ya wuce gidan shugaban ya kama hannun gawar 'yarsa. Kuturu, jini, gawa: manyan ƙazanta uku na Attaura, duk ya taɓa su, kuma tsarkinsa ne ya bi su.

Na san abin da wani zai ce, kuma maganarsa tana da nauyi. Zai ce Yesu ya faɗa cewa bai zo ya shafe Attaura ba, ya kuma aika kuturun nan wurin firist, ita ma Maryamu ta cika kwanakinta ta kai hadayar tsuntsaye biyu a Luka sura 2. Duk gaskiya ne. Su Yahudawa ne a ƙarƙashin Shari'a, Haikali kuma yana tsaye. Tambayar mu al'ummai ta taso ne daga baya, aka kuma yanke ta a taron Urushalima, wajen shekara ta 49, a Ayyukan Manzanni sura 15. Bitrus da Bulus da Yakubu suka zauna kan ko za a ɗora wa waɗanda ba Yahudawa ba kaciya da Shari'ar Musa. Suka ce a'a. Abu 4 kaɗai suka bari: naman da aka yanka wa gumaka, cin jini, mushe da aka maƙure, da fasikanci. Haila ba ta ciki, biƙi ba ya ciki, kuturta da asalin haihuwa ba sa ciki. Kafin taron ma Filibus ya riga ya yi wa bābān Habasha, ma'ajin sarauniya, baftisma a bakin hanyar Gaza. Baƙar fata ne kamarmu, baƙo, kuma dandaƙaƙƙe, yana dawowa daga Urushalima inda dokar ta tsayar da shi a waje. Ya tambaya ko akwai abin da zai hana shi, Filibus bai sami ko ɗaya ba.

Dokokin nan kamar kuɗin Jamus ne da suka taɓa yawo a Duwala. Ba jabu ba ne, a zamaninsu sun sayi goro da gishiri. Amma yau ka kai su Babbar Kasuwa ka ga ko za a ba ka kofin gero.

Ba zan ɓoye muku ba cewa ikkilisiya ta yi ta kai da kawo a kan wannan. A tsakiyar ƙarni na 3 Bishop Diyonisiyus na Iskandariya ya rubuta cewa mai haila kada ta kusanci teburin jibi. A wannan ƙarnin dai, wani littafin koyarwa na ikkilisiyar Siriya ya yi wa mata faɗa kan su daina ware kansu. Wajen shekara ta 601 Agustin, wanda ya kai bishara Ingila, ya aika wa Paparoma Giregori tambayoyi irin namu na yau, domin sababbin tuba ne a gabansa. Giregori ya amsa cewa ko a sa'ar da mace ta haihu ta shiga coci don godiya ba ta yi laifi ba, mai haila kuma kada a hana ta shiga ko cin jibi. In ita da kanta ta ja baya don girmamawa a yaba mata, in ta zo kada a hukunta ta. Ikkilisiyar Habasha har yau tana yi wa jariri namiji baftisma a kwana 40, mace a kwana 80. Cocin Selestiyal masu fararen riguna, wadda Samuel Oshoffa ya kafa a Porto-Novo a 1947, tana hana mai haila shiga sai bayan kwana 7 da tsarkakewa. Ita ma Katolika, kundin dokokinta na 1917 ya sa haihuwa ba ta hanyar aure ba cikin abubuwan da ke hana mutum zama fada sai da izini na musamman. Kundin 1983 ya cire wannan. Ina girmama masu riƙe da al'adarsu, amma a ganina amsar Giregori ce ta dace da Linjila, su kuwa suna bin gadon gidansu ne.

Mu ma namu gadon gida ne, kuma a gauraye yake. Yawancinmu mun tashi a zaure ɗaya da Musulmi. A wurinsu an ɗauke wa mai haila da mai jinin biƙi salla, azumi kuma su rama, kuma malaman Malikiyya sun sa iyakar jinin biƙi kwana 60. Wannan hukuncinsu ne da hujjojinsa, malamansu za su fi ni bayani, ban zo in taɓa shi ba. Ga kuma arba'in na al'adar Bahaushe, da wankan jego da kunun kanwa. Kakanninmu mata da suka tuba sun haɗa ukun nan, fiƙihun maƙwabci da al'adar gida da Littafin Firistoci, suka dama su wuri ɗaya. Cikakken Littafi Mai Tsarki bai fito da Hausa ba sai 1932, masu iya karanta shi kuma kaɗan ne. Abin da uwa ta faɗa shi ya zama doka.

Hutun arba'in ɗin kansa alheri ne, kada wani miji ya fita daga nan ya ce malam ya soke shi. Macen da ta haihu tana bukatar hutu, musamman a nan inda za ta taka laka ta hau bensikin, wato babur ɗin haya, kafin ta isa coci. Ta huta don jikinta, zumuntar mata su kai mata addu'a har ɗaka, fasto ya kai mata jibi in ta nema. Tsananin zafin ruwan wanka da kwanciya kan gadon wuta da yawan kanwa ne kawai za a rage, domin tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka danganta su da ciwon zuciyar masu jego. Amma in ta ji ƙarfi a mako na biyu ta zo, babu mai ikon tare ta.

Akwai abin da na sha gani a ƙananan majami'unmu na katako da kwano. Ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, an fara raba jibi, sai ka hango yarinya a waje ƙarƙashin indararo, goyo a baya, ta yafa leda a kan jaririn, tana jin waƙa ta taga. Ta yi ciki ba aure, an sa ta a horo. Watanni sun wuce, ba wanda ya ce mata horon ya ƙare. Wanda ya yi cikin ya koma wata unguwa, wataƙila yana kaɗa ganga a wata cocin. Da aka zo miƙa jarirai aka tsallake nata, wani dattijo ya buɗe Maimaitawar Shari'a 23.

Horo yana da gurbinsa a Sabon Alkawari. A 1 Korintiyawa sura 5 Bulus ya ce a fitar da mutumin da ke zaune da matar ubansa. Amma ku lura, namiji ne, kan aikin da ya yi da gangan ya ƙi bari, kuma a wasiƙa ta biyu Bulus ya roƙi a karɓi mai laifin da ya tuba kada baƙin ciki ya haɗiye shi. Horo na aiki ne, yana da ranar farawa da ranar ƙarewa, manufarsa a dawo da mutum. Jaririn nan wane aiki ya yi? Ezekiyel sura 18 ta ce ɗa ba ya ɗaukar laifin uba, ita kanta Maimaitawar Shari'a ta faɗi haka a sura 24, shafi ɗaya daga inda dattijon ya buɗe.

Kan kuturta ba zan daɗe ba. Abin da Littafin Firistoci ya bayyana yana kama tufafi har da bangon ɗaki, don haka ya fi cutar da likitoci suka sani faɗi. Wani likitan Norwe, Hansen, ya gano ƙwayar cutar a 1873. Tun 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗin magungunan da ke warkar da ita, tun 1995 kyauta ake bayarwa, wanda ya fara sha kuma ba ya sa wa kowa. A nan kusa da mu akwai asibitin kutare na Dibamba. Mu Kiristoci masu jin Hausa ma sai mu tuna asalinmu: da yawa daga masu bi na farko a ƙasar Kano da Katsina da Sakkwato sun ji bishara ne a asibitocin kutare na Yadakunya da Babbar Ruga da Amanawa, waɗanda mishan ta riƙe tun shekarun 1930. Da dungulmin hannu aka fara riƙe littafin waƙoƙinmu. Babbar Ruga yau ta shahara da gyaran mata masu yoyon fitsari, haka Danja kusa da Maraɗi. Su ne 'yan'uwan matar nan ta Markus sura 5 a zamaninmu. Ba wanda ya rubuta dokar hana su shiga, toshe hanci da matsawa gefe sun isa su kore su.

In cuta mai yaɗuwa ce, wannan maganar likita ce. Garin nan ya sha kwalara a 2004, a watan Maris na 2020 kuma gwamnati ta hana taron da ya wuce mutum 50 saboda korona, masallaci da coci duk suka bi. An yi haka don kare rai, kuma ya hau kan bishop kamar yadda ya hau kan mai shara.

Iyayena fastoci da dattawa, roƙona gare ku shi ne ku faɗi wannan daga kan bagade da baki ƙarara, domin mata da yawa ba wanda ya hana su, shirunku ne suka ɗauka hani. Ku buɗe littafin horo ku duba sunayen da suka daɗe a ciki, ku kira masu su, ku sa wa kowane horo ranar ƙarewa, ku nemo namijin kamar yadda kuka nemo macen. Iyayena mata, ku ne kuka fi kowa tsaron ƙofar nan, ku ne kuma 'ya'yanku ke tambaya a ɓoye. In yarinya ta tambaye ki ko za ta ci jibi tana haila, ki ce mata ta ci. Jariran da aka tsallake kuma, a kawo su miƙawa ta gaba, a kira sunayensu kamar na kowa.